Allura ta Biyu a Wuyan Malama

Litinin, da hantsi

Mun dawo daga asibiti. Malama ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ni kuma na taho shago na zauna gaban wani keken ɗinki da na kwance tun makon jiya ban haɗa ba.

A wuyanta abin yake, gefen dama, ƙasa da maƙogwaro. Ƙullutu ne kamar ƙwallon dabino, in ta haɗiye yawu sai ya hau ya sauko. Ta ce ta daɗe tana jin sa. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya ban gani ba, sai da Auta ta zo hutu ta ce, "Mama, ɗaga haɓarki in gani." Ni fa, da nake gane keken da ya karkace daga ƙararsa ko yana tsallaken titi. To.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba. Ta shafa wa wuyan wani abu mai sanyi, ta yi ta yawo da na'urar hoto a kai. Ta ce yawancin irin wannan ƙullutun ba komai ba ne, amma akwai abin da ba ta so a kamannin wannan. Sai an sa allura an zuƙo ɗan abin da ke ciki an duba, kafin a san ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Na rubuta sunan sau ɗaya, ya isa.

Na ce, "Likita, lamba nawa ce allurar?" Ta yi dariya, ta ɗauko guda cikin ledarta ta miƙo mini. Wadda nake sa wa keken masu ɗinkin siliki ta fi ta kauri. Ta ce ko ta ɗibar jini ta fi ta. Ɗan zafi ne, wani lokaci jini ya kwanta a ƙarƙashin fata ya baje da kansa, shi ke nan. Doka ɗaya ce: in allura tana ciki, ba magana, ba haɗiyar yawu, ba motsi.

Malama ta nuna ni ta ce, "Wannan dokar Bakanike za ki karanta wa, 'yata. Ni shekaruna nawa ina sa aji ya yi tsit."

Duk muka yi dariya. A hanyar dawowa ba wanda ya yi.

Laraba, da yamma

Babba ya zo daga wurin aiki ko takalmi bai tsaya cirewa ba. Shi ne ɗanmu na fari, kuma tun da ya fara furfura a gemu ya ɗauka shi ya haife mu.

"Baba, ba za a taɓa wuyan Mama da ƙarfe ba. Abin nan in ƙarfe ya taɓa shi farkawa yake yi."

Na ce, "Au, barci yake yi yanzu? To mu rage murya."

Bai yi dariya ba. Ya zaro waya ya nuna mini wani mutum cikin farar riga, bayansa kwalabe jere har rufi, yana rantsuwa cewa allura ce ke buɗe wa ciwo hanya ya bazu. Na ce na tambayi likita wannan maganar, ta ce da siririyar allura irin wannan abu ne da kusan ba a gani, ita ba ta taɓa gani ba. Ya ce me za ta ce dama, ai sana'arta ce. Na ce shi mai kwalaben fa, kiwon kaji yake yi?

Na san abin da ke cin sa. Yayar Malama ce ta rene shi, a bayanta ya yi ƙuruciya. Ta shiga asibiti da ƙafarta. Ba wuya ba ne nata, ba kuma allura ba ce, kuma an kai ta ne bayan komai ya riga ya wuce. Amma je ka gaya wa yaron da ya riƙe mata jaka a ƙofar ɗakin tiyata. Ba zan ƙara a kan wannan ba.

Malama tana zaune tana tsince shinkafa, kamar wuyan maƙwabciya ake magana a kai. Daga ƙarshe Babba ya ce, "Sau ɗaya. Sau ɗaya tak. In wani abu ya same ta, Baba, kai ne."

Na ce na ji. Ni ne dama, kullum.

Juma'a, da safe

Malama ta sauke labulayen gidan nan duka ta wanke. Ba su yi datti ba.

Litinin, da la'asar

An yi. Ba a yi daidai ba.

Wuyan ya kumbura, wajen ya yi baƙi-baƙi kamar an make ta. Likita ta daɗe tana danne shi da auduga. Ta ce zai baje.

Bencin da ke barandar asibitin nan ƙarfe ne, an huda shi ƙanana-ƙanana, sanyi yana ratsa wando. Bango fentin kore har kafaɗa, daga nan fari. Ƙofar ɗakin ba ta da sakata. Wannan shi ne abin da na fi lura da shi. Wuri irin wannan ai ya kamata a riƙa kulle ƙofa.

Talata, da safe

Gas ɗin a kashe yake. Na duba tun jiya da muka shigo.

Laraba, da rana tsaka

Mai Faci, maƙwabcina a shago, ya leƙo ya ce, "Tsoho, yau rediyon unguwa ya lalace ne? Tun safe ban ji ka ba." Na ce batir ya yi sanyi. Ya ce to a bar shi haka, kunnuwanmu su huta.

Bari in sa shi a takarda yadda aka yi, tunda ita ba ta katse mutum.

Ina zaune a bencin nan, wata ma'aikaciya ta wuce da tire, wani wari ya buge ni, irin na maganin goge fata. Sai zuciyata ta ce gas. Mun dafa shayi kafin mu fito, kuma ban ga wanda ya kashe ba. Na ga gidan yana ci da wuta, na ga maƙwabta da bokitai, har na ga inda za mu kwana. Ni haka kaina yake tun ina yaro, kakata ta cika shi da labarai, ko ƙyallen abu ya samu sai ya ɗinka riga. Ban san na miƙe ba. Na tura ƙofa, na sa kai, na ce, "Malama, kin kashe gas?"

Tana kwance, filo a ƙarƙashin kafaɗa, wuya a miƙe, allura a ciki. Ta juyo ta ce, "Na kashe."

Likita ta zare hannu da sauri ta ce, "Baba!" Kalma ɗaya. Na ja ƙofar na koma benci.

Ai da akwai sakata.

Asabar, da hantsi

Babba ya ga wuyan. Ya ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe, ya tura wa dangi kaf. Tun daga lokacin wayar Malama ba ta huta ba. Waɗanda ba su gaishe mu ba tun bikin Auta duk sun zama likitoci. Wata ta ce a shafa kaza, wani ya ce a daina cin kaza. Wata kuka kawai ta kira ta yi, ta gama ta kashe.

Ni ba wanda ya kira.

Talata, da azahar

Mun koma jin sakamako, Babba ya ce sai ya bi mu. Likita ta ce abin da aka zuƙo aka duba jini ne kawai, bai isa a ce komai ba. Sai an sake, in wurin ya huce.

Babba ya miƙe tsaye. Ya ce an mayar da uwarsa abin koyon aiki. Ya ce zai kai ƙara har sama, ya san mutane. Muryarsa ta cika ɗakin, masu jira a baranda suka yi tsit suna saurare kyauta.

Yarinyar nan ta bar shi ya gama. Ta ce, "Yallaɓai, an samu motsi lokacin da allura ke ciki, shi ya sa jini ya kwanta. Kuma ko ba motsi, akan yi a rasa abin da ake nema, a sake. Kumburin nan ba ciwon ba ne ya bazu. Rauni ne, kamar na wanda ya bugi ƙofa."

"Motsi? Mama ce za ta yi motsi?"

Likita ta dube ni. Ba ta daɗe ba, ta mayar da ido kan teburinta. Ni kuwa na gano cewa igiyar takalmina tana bukatar kulawa.

A mota Babba ya ce, "Sau ɗaya muka ce, an yi. An gama." Malama tana kallon titi ta taga, ta ja gyale ta rufe wuyan.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Babba. A falo, gaban uwarsa, ban rage komai ba: warin, ƙofar, gas ɗin.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. "Baba, wannan sabuwa ce? Ka ajiye wa jikoki. Ta fi ta keken nan da ka ce ya tashi da kansa ya ɗinke wa ɓarawo hannun riga."

"Wallahi haka aka yi."

"Wancan ma ka ce wallahi."

Na ce ban ce ba. Ya ce na ce. Wataƙila na ce.

"Kana son ka wanke yarinyar nan ne kawai. Mama, haka aka yi?"

Malama tana ninke kaya. Ta ɗaga wata riga ta kakkaɓe, ta daidaita hannuwanta, ta ce, "Ni ban tuna ba."

Ba ta tuna ba. Matar da har yau take tuna wanda ya fasa gilashin tagar aji a shekarar da aka haifi Auta, da sunan ubansa.

Duk rayuwata ina ba mutane ƙarya suna tafa mini. Yau na kawo gaskiya tsirara, an ce in mayar.

Asabar, da safe

Babba ya kawo kwalba daga wurin mai farar riga. Mai ne, kore, warinsa kamar an jiƙa tsohon takalmi. Safe da yamma za a shafa. Malama ta karɓa da hannu biyu ta sa masa albarka.

Na ce a ba ni ragowar in gwada a keke, ko zai sassauta tsatsa. Malama ta ɗora kwalbar a kan firji.

Litinin, da hantsi

Mai keken da na kwance ya zo karo na biyu. Tela ne, yana da iyali, yana da gaskiya. Na ce masa ana jiran wani ƙarfe daga nesa. Ƙarfen yana cikin gwangwani a gabansa.

Laraba, da la'asar

Auta ta kira daga garin da take aiki. Ta yi faɗa da yayanta har ta kashe masa waya, yanzu ba sa magana. Ta ce, "Baba, kai ne mijinta, ka ɗauke ta ka kai ta mana!"

Na ce, "'Yar nan, uwarki buhu ce?"

Ta ce ba lokacin wasa ba ne. Kowa yana gaya mini ba lokacin wasa ba ne, kamar ina da wani abin a aljihu na ɓoye.

Na gaya mata zancen gas. Ita ta yarda. Ta ce, "Haba Baba." Na gwammace dariyar Babba.

Juma'a, da yamma

Baƙin ya baje, wuyan ya koma kalarsa, yadda likita ta ce. Babba ya zo ya duba, ya ce, "Ka gani ko? Man nan!" Ya sake ɗaukar hoto ya tura wa dangi.

Ƙullutun yana nan inda yake. Shi ba ya fita a hoton waya. Ina kallonsa in tana shan shayi, ya hau, ya sauko. Ta kama ni ina kallo, ta juya kujera.

Lahadi, da safe

Daga asibiti sun kira. An sa mata ranar Alhamis mai zuwa. Ta ce musu, "To, madalla," ta ajiye wayar, ta ɗauko kwalbar mai.

Talata, da azahar

Na rufe shago da rana na koma gida, abin da ban taɓa yi ba. Na same ta a kicin tana yanka albasa. Na tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Malama, in don ki rufa mini asiri ne kika ce ba ki tuna ba, na yafe rufin. Ki gaya wa yaron nan gaskiya, a sake allurar nan. Laifina ne, na ɗauka."

Ta ci gaba da yanka. "Kai komai sai ya zama naka. Har wuyana."

"Ni na buɗe ƙofar."

"Ka buɗe. Sai me?" Ta ajiye wuƙar. "Bakanike, tun da aka kawo ni gidanka kake jefa mini tambaya. Ina tabarauna, ina makullin shago, wa ya taɓa mini almakashi. Guda nawa na amsa?"

Na yi tunani. Gaskiya ba su da yawa.

"Na ji takunka tun daga baranda. Na san kai ne, na san shirme za ka tambaya. Yarinyar nan ta gaya mini sau uku kada in motsa. Da na so, da na yi maka abin da na saba."

Na ce, "To me ya sa?"

"Ina kwance ina kallon silin, allurar ko zafi babu. Sai na ce, yanzu wannan 'yar abar za ta fito da magana a bakinta, kuma in ta faɗa ba a mayarwa. Sai ga ka. Na ce Allah ya kawo ka."

"Ke nan ba allurar kike tsoro ba."

"Allura? Ni da na haifi 'ya'yanka?"

"Man Babba fa?"

"Wari gare shi. Amma duk wanda ya shafa mini shi ba ya gaya mini komai."

Ta ɗauki wuƙar ta koma kan albasarta. Idonta yana ruwa, nawa ma. Albasar tana da ƙarfi.

Laraba, da safe

Ban ce komai ba.

Alhamis, da yamma

Ranar ta wuce. Ba mu je ba. Ban ce komai ba.

Asabar, da hantsi

Na haɗa keken tela, na kai masa har shago. Ya ce ƙarfen ya iso ke nan? Na ɗaga kai.

Ba fushi nake yi ba. Ina buɗe baki sai in tarar ba komai a ciki. Makonni ina yawo da laifi a ka, ina jin nauyinsa, har na fara sabawa da shi, ashe ma ba nawa ba ne, aro aka ba ni. Mutum ya tsufa a gida, ko ɓarna ba a bar shi ya yi da kansa ba.

Litinin, da la'asar

Mai Faci ya kawo mini shayi da kansa, ya zauna a kan benci yana ba ni labari. Bai iya ba. Ya fara daga ƙarshe, ya manta tsakiya. Na sha shayin.

A gida ana jin ƙarar cokali. Na nemi tabarauna na rasa, na zauna haka nan ba su.

Laraba, da safe

Ina shirin fita ta fito da gyale da jaka. Ta ajiye tabarauna a kan tebur.

"Sa takalminka."

Na dube ta.

"Na kira yarinyar jiya, ta ce in zo. Shirun nan naka ya fi ƙullutun shaƙe ni. Gida kamar an riga an yi zaman makokina. In haka za ka yi bayan na tafi, gara in san ko tafiyar ce."

Na ce, "Babba fa?"

"Au, bakin yana aiki? Babba ni na haife shi."

Laraba, da azahar

An yi. Ni a waje na tsaya, can bakin get, wurin masu gadi. Ba wanda ya ce in tsaya a can.

Ba ta daɗe ba ta fito da ɗan filasta a wuya, bai kai farcen babban yatsa ba. Ta ce likita tana gaishe ni, wai ta sa kujera ta tokare ƙofa.

Juma'a, da yamma

Babba ya ga filastar. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ɗauki kwalbarsa daga kan firji ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya ce, "Baba, ka tuna abin da na ce."

Uwarsa ta ce, "Ni na kai kaina." Ya ce, "Na sani, Mama, kullum kina kare shi."

Talata, da la'asar

Sakamako ya fito. Shi ne.

Likita ta jawo kujera kusa da Malama ta yi bayani a hankali. Ta ce a cikin irinsa wannan shi ne mai sauƙin kai, ba ya gaggawa, yawancin masu shi ana yi musu aiki a cire, su riƙa shan ƙwaya, su ci gaba da rayuwarsu. Ta ce makonnin da aka rasa ba su ɓata komai ba a yadda take gani. Ta ce gara da aka sani. Na yarda da ita, duk abin da yarinyar nan ta faɗa tun farko haka ya zama.

Malama ta yi mata godiya, ta tambayi lafiyar iyayenta, ta gyara gyale.

Ba mu hau mota nan da nan ba, ta ce mu ɗan taka. Muka bi gefen titi, muka wuce masu gyaran babur, da wani kanti da ake sauke katifu. Na ce, "Kin ji dai, ta ce mai sauƙi ne."

"Na ji."

"Kuma allurar ba ta yi miki komai ba. Ko tabo babu."

Ta tsaya ta dube ni. "Babu. Ka yi gaskiya, Bakanike, kai da likitarka. Je ka gaya wa Babba ka ci."

Na ce ba gasa muke ba.

"Makonnin nan da kuke ta faɗa a kaina, kai da shi da Auta, ni lafiyata ƙalau. Ina tashi da safe mace ce mai ƙullutu a wuya. Yau fa?"

Ta miƙo mini jakarta, abin da ba ta taɓa yi a titi ba.

"Riƙe. Ka kira yaran, kai ka iya labari. Ka faɗa musu yadda za su yarda."